Juyi a Kan Kai a Rawar Birek: Ina Haɗarin Yake, Yaya Ake Koyonsa Lafiya?

Tun bayan da rawar birek ta shiga gasar Olamfik ta birnin Faris a watan Agustan 2024, bidiyon masu kafa kai a ƙasa suna juyi kamar katantanwa ya cika wayoyin samarin Yamai. A fada, wato majalisar samari, shayi na kan gawayi, ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu, kafin a zuba na biyu wani ya tuɓe takalmi ya kafa kai a kan simintin ƙofar gida. Iyaye na cewa wannan wasa ba ya ƙarewa sai da karyayyen wuya, a hana shi kawai. Samari na cewa tsoro ne ke kayar da mutum, wanda ya saki jiki babu abin da zai same shi. To wa ke da gaskiya? Juyin kai abu ne da ake iya koya lafiya, ko kuwa caca ce da rai?

Ana iya koyonsa, haɗarin kuma na gaske ne. Sai dai ba a inda mutane suke zato yake ba. Saurin da ke tsorata mai kallo shi ne abu na ƙarshe da ake koya, kuma masu yin sa sun riga sun ƙware. Masu koyo suna jin ciwo ne saboda tsallake watannin tsayuwa a kan kai, da mummunan daɓe, da abin da abokai suke yi wa wanda ya faɗi.

Mene ne birek, ina juyin kai yake a cikinta?

Rawar ta samo asali ne a unguwar Burons ta birnin New York a Amurka, a farkon shekarun 1970, a wuraren casun da masu haɗa kiɗa irin su DJ Kool Herc suke tsawaita gaɓar ganguna zalla don masu rawa su shiga fili. Kashi huɗu gare ta: rawar tsaye da ake buɗe fage da ita, aikin ƙafa a ƙasa ana dafe da hannu, daskarewa wuri ɗaya a kan hannu ko kafaɗa, sai manyan juye-juyen ƙarfi. A kashi na ƙarshen nan ne juyin kai yake, tare da kupol, wato juyin da ake yi a kan kafaɗu da gadon baya ƙafafu a buɗe.

A Faris, a dandalin Konkod, Ami Yuasa ta Japan ce ta ci zinariyar mata, Philip Kim na Kanada, wanda aka fi sani da Phil Wizard, ya ci ta maza. Ƴan Maroko biyu, Bilal Mallakh da Fatima Zahra Elmamouny, su suka shiga da kujerar Afirka. Abin lura ga yaranmu shi ne ma'aunin alƙalan: ƙwarewar motsi, yawan salo, tsabtar aiwatarwa, bin kiɗa, da ƙirƙira. Babu maki na musamman ga wanda ya fi daɗewa yana juyi a kan kai. Ba a sa birek cikin wasannin Los Anjalas na 2028 ba, amma tana cikin jerin wasannin Olamfik na matasa na Dakar na 2026, don haka sha'awarta ba za ta gushe daga yankinmu da wuri ba.

Abin da ke cikin wuya

Ƙasusuwa bakwai ne a jere suke riƙe da kai. Ta tsakiyarsu laka take bi, ita ce igiyar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu. Na farko da na biyu daga sama su ne mazaunin waiwaye, kusan rabin juyawar wuya a nan take faruwa. Jijiyoyin da ke fitowa daga wajen na uku zuwa na biyar su ke tafiyar da tsokar numfashi, shi ya sa raunin da ya faru can sama yake iya ɗauke numfashi, ba tafiya kaɗai ba. Ta gefen ƙasusuwan nan kuma akwai jijiyoyin jini biyu da ke hawa zuwa ƙeyar ƙwaƙwalwa, murɗa wuya da ƙarfin tsiya yana iya tsaga su.

Sau da yawa za ka ji saurayi yana cewa, ai iyayenmu mata suna ɗaukar bokitin ruwa a ka tun suna yara, wuyan ɗan ƙasar nan ƙarfe ne. Kwatancen yana da amfani, amma a duba shi da kyau. Bokitin lita 20 kilo 20 ne. Saurayi mai kilo 60 idan ya ɗage hannu daga ƙasa yana kan kai, sama da kilo 50 ne ke bi ta wuyansa, kuma nauyin yana motsi. Mai ɗaukar ruwa idan ta yi tuntuɓe sai ta tunkuɗe bokitin ya faɗi can. Mai juyi ba shi da halin jefar da jikinsa. Darasin da za a ɗauka daga wurinta shi ne tsayuwarta: gammo a tsakar kai, haɓa ba ta sunkuye ba ta ɗage, wuya da gadon baya a layi ɗaya. Ƙashin wuya yana jure nauyin da ya bi ta miƙe. Nauyin da ya same shi a lanƙwashe ko a murɗe shi ne ba ya jurewa.

Ta hanya uku ɓarnar take zuwa. Akwai naɗewa, inda ƙugu ya wuce kai ya rinjaya, wuya ya lanƙwashe a ƙarƙashin jiki. Akwai murɗewa, inda kai ya kafe a ƙasa jiki kuma ya ci gaba da juyi. Sai ta ukun mai tafiyar hawainiya, gogayya da dannawar shekara da shekaru.

Daɓe da hula: inda kuskure ya fi yawa

A nan ne tunanin mutane yake juyewa. Kowa na ganin wuri mai taushi ya fi aminci, sai a nufi tulin yashin gini, ko rairayin bakin kogi, ko a jawo katifa tsakar gida. Don koyon alkafura da faɗuwa, yashi yana da amfaninsa. Don juyin kai kuwa, shi ne mafi muni. Kai yana nutsewa ya yi wa kansa gurbi, ya ƙi juyawa, ƙafafu kuma sun riga sun ɗauki gudu, sai duk murɗawar ta sauka a wuya. Katifa ma haka, ga kama kai ga lilo, mutum ba ya samun tabbataccen wurin tsayawa. Tabarmar roba tana naɗewa ta cije hula. Siminti mai kaushi kuwa yana cin gashi da fata tun ranar farko.

Abin da ake so shi ne daɓe mai tauri, mai santsi, shimfiɗaɗɗe ba tudu ba kwari. Karo na daɓen ɗaki mai sulɓi yana yi, muddin kai bai hau kan layin da ke tsakanin karo biyu ba. Ledar ɗaki mai kauri da aka shimfiɗa a kan siminti mai kyau ta fi, a manne gefunanta da salatif don kada ta tattare. Wanda ba shi da hali ya nemi babban kwalin firiji ko na talabijin a kasuwar Katako, ya cire ƙusoshin ƙarfen da ake ɗinke shi da su, ya buɗe shi ya manne. Fili ya kai kamar mita 3 kowane gefe, babu kujera, babu murhun shayi, babu moto a jingine. Lokacin hunturu a share kafin a fara, a sake sharewa a tsakiya, domin ƙurar da ke sauka a kan karo tana zama kamar sandifefa a ƙarƙashin kai.

Hula kuma aikinta biyu ne, rage gogayya da kare fata. Hular sanyi mai kama kai sosai, wadda tela ya ɗinka wa ƙyallen nailan mai santsi a tsakar kai da siririn soso a ciki, ta wadatar. Soson kada ya wuce kaurin yatsa. Idan ya yi tudu kamar gammo, kai yana tangaɗi a kansa. Wasu ƙwararru suna amfani da ƙaramar hular kwano mara nauyi, amma kaske na moto ba na wannan aiki ba ne: yana da nauyi, yana ƙara wa wuya tsawo, kuma yana ba mai koyo saurin da bai isa ya sarrafa ba. Kada kuma a ruɗu, babu hular da ke kare wuya. Fatar kai kawai take karewa. Mai kitso da duwatsu ko ƙulli a tsakar kai ta kwance shi tukuna.

Matakan koyo, da abin da ke nuna an isa wucewa gaba

Kowane zama yana farawa da minti 10 zuwa 15 na ɗumama jiki har gumi ya tsatso: rawar tsaye, juya kafaɗu, murza wuyan hannu. Wuya kuma ba a wulwula shi da sauri. A ɗora tafin hannu a goshi a tura, kai ya ƙi motsi, daƙiƙa 10. A maimaita a ƙeya, da dama, da hagu, zagaye uku. Ƴan kokowa sun daɗe da sanin cewa wuya tsoka ce da ake ginawa, dubi wuyan duk wanda ya taɓa shiga fagen neman takobi. Amma watanni suke ɗauka suna gina shi.

Matakin farko shi ne tsayuwar murhu, duwatsu uku. Tafin hannu biyu a ƙasa daidai faɗin kafaɗu, yatsu a baje, kai a gaba da su yadda ukun za su yi kusurwa uku. Idan mutum yana iya hango yatsunsa ba tare da ya motsa kai ba, ya zauna daidai. Idan kai da hannuwa suka jeru a layi ɗaya, murhun ya zama mai dutse biyu, zai kife. Gwiwar hannu ta tsaya sama da wuyan hannu, kada ta baje waje. Wurin da ke taɓa ƙasa shi ne tsakar kai, inda gammo yake zama. Wanda ya kafa da goshi yana danne ƙeyar wuyansa, wanda ya kafa da wajen ƙeya zai naɗe. Daga nan a ɗora gwiwoyi a kan gwiwar hannu a tsaya daƙiƙa 10, a sauka, a huta. Ana turawa da hannu sosai, kafaɗu suna nisantar kunnuwa, don hannuwa su ɗauki rabonsu na nauyi.

Kafin a miƙe ƙafa sama, a koyi sauka. Wannan shi ne darasin da kusan kowa yake tsallakewa, kuma da a ce mutum zai koyi abu ɗaya tak a duk wannan bayani, to shi ne. Idan jiki ya rinjaya ta gaba, ƙafafu kawai ake saukewa. Idan ya rinjaya ta baya, ba a gardama da shi: a tura da hannu don rage nauyin da ke kan kai, a kai haɓa ga ƙirji, a lanƙwasa baya kamar bakan kibiya, a mirgine ta kan kafaɗu. A nan ne katifa siririya ko tabarmar ƴan judo take da amfani. A yi ta maimaitawa da gangan, sau 10 a kowane zama, har jiki ya riƙa yi da kansa. Mai koyon da ya sandare yana ƙoƙarin ceto tsayuwar da ta riga ta ɓaci, shi ne wuyansa ke naɗewa.

Sai miƙe ƙafafu. Aboki ya durƙusa a baya ya riƙe ƙugu, ba idon sawu ba, domin wanda ya riƙe ƙafa yana iya danna mutum ƙasa bai sani ba. Ba a harba ƙafa sama da tsalle, a hankali ake ɗaga ta da ƙarfin ciki. Idan an miƙe, sai a buɗe ƙafafu kamar almakashi, a ɗan karkato su gaba yadda mai yi zai iya hango yatsun ƙafarsa, ciki a ɗaure. Ma'aunin wucewa gaba shi ne minti ɗaya cur a haka, ba bango ba mai riƙewa, ana numfashi daidai, ana iya buɗe ƙafa a rufe ba tare da tangaɗi ba. Ga yawancin masu farawa wannan aikin watanni ne. Wanda bai kai nan ba, ba shi da abin da zai juya.

Juyin kansa da tafiyar hannu yake farawa. Ana kan kai, a matsar da hannu ɗaya, a bi da ɗayan, jiki duka ya juya rubu'in da'ira, a tsaya a daidaita. Ƙa'idar ita ce kai da kafaɗu da ƙugu su tafi tare kamar an ɗaure su a jikin itace ɗaya. Bayan an saba, sai a ƙara lilon ƙafa: a ɗan ja ƙafafu baya, a sako su, a tura da hannu, a sake dafa ƙasa a gaban fuska. Rubu'i, sannan rabi, sannan da'ira guda, kowanne sai ya zauna sau 10 a jere kafin a ƙara. Kuskuren da aka fi gani shi ne a bar hannuwa a baya jiki ya wuce, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sauka, sai juyin ya fara zagaye kamar tayar da ta karkace. Da an ji haka a sauka. Ba a gyara karkataccen juyi da ƙarin gudu.

Sakin hannu yana zuwa ne da kansa, lokacin da tazarar da ke tsakanin dafawa da dafawa ta fara tsawo. Haɗe ƙafafu sama, wanda ke sa mutum ya ƙara gudu kamar an murza shi, shi ne na ƙarshen ƙarshe. Dalilin gudun kuwa sananne ne: duk abin da ke juyi idan ya tattaro nauyinsa kusa da tsakiya sai saurinsa ya ƙaru. Mai koyon da ya haɗe ƙafa da wuri zai sami gudun da bai shirya masa ba cikin ƙiftawar ido.

Game da yawa, kwana biyu ko uku a mako sun isa, da ranar hutu a tsakani, kuma jimillar lokacin da kai yake ƙasa kada ta wuce ƴan mintoci a zama ɗaya. A yi shi a farkon zama, jiki da sauran ƙarfi. Gajiya ce ke kawo naɗewa. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin Yamai yake haura digiri 40, a bari sai bayan la'asar sakaliya ko da sassafe, a sha ruwa, kuma kada a kafa kai da cikakken ciki. Hajijiyar da ke biyo bayan juyi daga ruwan cikin kunne take, wanda ke ci gaba da motsi bayan jiki ya tsaya. A zauna har ta wuce kafin a sake.

Sanƙo da ƙullutun tsakar kai

Wannan ita ce ɓarnar da ba ta da hayaniya. Masu yawan juyi sun san gashin tsakar kai yana zubewa, fatar wurin ta yi kanta. A shekarar 2024 likitoci a ƙasar Denmak sun wallafa labarin wani mai birek ɗan shekara talatin da ƴan kai, wanda ya shafe shekara 19 yana juyin kai, yana atisaye kusan sau biyar a mako. Wani ƙullutu mai tauri ya tsiro masa a tsakar kai, yana girma yana ciwo, har sai da aka yi masa tiyata aka cire. Don haka kumburin da ya ƙi sauka, ko wurin da gashi ya daina fitowa, alama ce ta a rage, a gyara hula da daɓe, a kuma nuna wa likita.

Hani ko tsari?

Iyayen da ke tsoro ba su yi laifi ba. Raunin laka ba irin karayar hannu ba ne da ake ɗaurewa a warke. Yana iya kwantar da saurayi shekaru, ya cinye abin da gida ya tara a kuɗin sikana da magani da jinya, ya tsayar da uwa ko ƴar'uwa daga sana'arta. Wasu kuma damuwarsu ta tarbiyya ce, irin kiɗan da abokan da yaro zai bi, wannan kuwa kowane gida da ma'auninsa. Amma a ganina hani tsagwaronsa ba ya raba yaro da abin, yana kora shi ne zuwa kango ko bayan makaranta, inda babu babba, babu daɓen kirki. Uban da ya ce, “Zo ka nuna mini inda kuke yi, wane ne babbanku?” ya fi kusa da kare ɗansa.

Samarin ma suna da tasu gaskiyar, cewa ɗari-ɗari yana sa jiki ya sandare. Sai dai maganin tsoro shi ne maimaita matakin ƙasa har ya zama jiki. Zugar abokai ba magani ba ce, tiramol kuma ya fi komai muni a nan: yana danne zafin da ya kamata ya tsayar da mutum, yana rage kaifin daidaito, yana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Akwai waɗanda bai kamata su kafa kai ba sai likita ya yarda: wanda ya taɓa jin rauni a wuya, mai hawan jini, mai ciwon hawan ruwan ido, mai farfaɗiya, da yaro mai lalurar Dawun (wadda ake haifar yaro da ita, take jinkirta girmansa da koyonsa), domin a cikinsu akan sami sassaucin gaɓar da ke tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu. Ƙananan yara kuma, waɗanda kansu ya yi wa wuyansu girma, a bar su a rawar tsaye da aikin ƙafa, akwai abin koyo na shekaru a can.

Idan wani ya faɗi

Alamun da ke cewa a daina nan take su ne: zafi kamar wutar lantarki da ke sauka ta hannu, mutuwar yatsu ko jin kamar tururuwa na bi, hannu ya rasa ƙarfin riƙo, gani biyu-biyu, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ko magana ta harɗe. Ko ɗaya daga ciki ya isa a tafi asibiti a ranar, ko da mutum yana tafiya da ƙafarsa, domin akwai tsagewar ƙashin wuya da ba ta kayar da mutum sai daga baya.

Idan kuwa ya faɗi ya kasa tashi, ko yana kukan wuya, abin da aka saba yi shi ne abin da ke ƙarasa ɓarnar: “Kai, tashi mana, ba komai!”, a ɗaga shi zaune, a ja wuyan wai a mayar da shi, a ɗora shi a moto kai na lilo. Kada a yi ko ɗaya. Mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa, ya dafe gefen kai biyu da tafin hannu yadda ya same shi, ya yi ta yi masa magana. Ba a sa matashi, ba a ba shi ruwa, ba a cire masa hula da ƙarfi. Wani ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Idan amai ya taso, mutum uku ko huɗu su juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni. In dole ta sa a ɗauke shi da kanku, a kan ƙyaure ko faffaɗan katako za a shimfiɗe shi, a tokare kai da naɗaɗɗun zannuwa ta gefe biyu, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe, a nufi babban asibitin ƙasa ko asibitin Referans, inda ake iya ɗaukar hoton ƙashi. Mai ɗori yana da inda ake nemansa, amma wuyan da ba a ɗauki hotonsa ba kada kowa ya murza shi ko ya ja shi.

Wanda kansa ya bugu har ya ruɗe ko ya manta abin da ya faru, kada ya koma fili a ranar ko da ya ce ya warware, kuma a sa masa ido a daren. Komawa atisaye sai ciwon kai da jiri sun ɗauke gaba ɗaya kuma likita ya sallame shi, sannan ya faro daga tsayuwar murhu, gwiwoyi a kan gwiwar hannu, daƙiƙa 10.